Sunana ne a jikin alat ɗin

Wata takwas cur asusuna na banki yana karɓar kuɗin mutanen da ban taɓa gani ba, kuma a duk tsawon lokacin nan wallahi ko sau ɗaya ban taɓa kallon kaina a matsayin ɓarawo ba. Ina sallah, ina zuwa lakca, duk yamma sai na kira Umma mun gaisa ta sa min albarka, in na kwanta kuma bacci nake kamar kowa. Wannan baccin shi ne abinda har yau yake ban tsoro in na tuna, kuma shi ne dalilin da yasa na zauna nake rubuta wannan labarin.

Ni dama ba soshiyoloji, wato ilimin zamantakewar al'umma, na nema ba, lauya na so zama, da sunaye suka fito sai na ga an tura ni can, na karɓa ne kawai dan kar na ƙara zaman shekara a gida. Duk wanda na gaya wa abinda nake karanta sai ya tambaye ni toh me za ka zama da shi, ni ma a lokacin bani da amsa. Shekara biyu na farko haddar sunayen turawa kawai nake ina zubawa a jarrabawa ina mantawa.

A aji uku ne na koma ɗaki ɗaya da wani abokina, ba zan faɗi komai da zai sa a gane shi ba. Abinda zan faɗa shi ne mutum ne mai kirki a zama, lokacin da zazzaɓi ya kwantar dani kwana biyar shi ya yi jinyata, shi ya kai ni asibiti cikin dare, shi ya riƙa amsa wayar Umma yana kwantar mata da hankali. Ina faɗin wannan ne saboda mutane suna zaton ɗan damfara wani mugun dodo ne da za ka gane shi daga nesa, ni dai wanda na sani ya fi mutane da yawa iya zumunci.

Ranar farko cewa ya yi asusunsa ya kai iyakar abinda zai iya karɓa a rana, akwai kwastoma da zai turo masa kuɗin kaya, ko zan taimaka a turo ta nawa. Nace ba komai. Alat ya shigo, na tura masa, shikenan. Karo na biyu ma haka. A karo na uku ne yace na riƙe kashi goma na sa data, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya ba, a wannan karon na riga na san ba wani kaya da yake sayarwa, domin ban taɓa ganin an kawo kaya ko an fita da shi ba, abinda nake gani kawai waya uku ne da layuka barkatai da kuma hira cikin dare da muryar da ba tashi ba. Ban tambaya ba. Na zaɓi kar na tambaya, saboda in na tambaya zai gaya min, in ya gaya min kuma dole na san matsayina.

Da daddare samari kan taru a ɗakin, hudu ko biyar, kowa da wayarsa, wanda ya fi daɗewa a harkar yana duba wa sabon shiga saƙon da ya rubuta yana gyara masa, yace nan ka yi gaggawa, kar ka ambaci kuɗi yanzu, bar shi ya fara tambaya da kansa. Rubutaccen tsarin da suke bi suna ce masa fomat, wanda za a cuta kuma ba a taɓa kiransa mutum, kilayan ake ce masa, kuɗi in sun shigo sai ace aiki ya faɗo. Ban taɓa jin wani a cikinsu ya furta kalmar sata ko zamba ba. Ni ina gefe da littafina, ina ganin ai ni ba na ciki tunda ban taɓa rubuta wa kowa saƙo ba.

A zangon ne kuma muka fara kwas ɗin laifuka da kauce wa ƙa'idar al'umma. Malamin da yake ɗaukarmu dattijo ne mai sanyin murya, ba ya ɗaga ta, amma in ya jefo tambaya sai aji ya yi tsit. Da Emile Durkheim ya fara mana, Bafaranshen da ya rubuta tun 1895 cewa babu al'ummar da ba a aikata laifi a cikinta, kuma hukunta mai laifi yana tuna wa sauran jama'a inda iyaka take. Kunnena rabin farko kawai ya ɗauka, na fita ina cewa a raina ashe ma abin ruwan dare ne. Sai muka zo kan Robert Merton da bayaninsa na 1938, cewa in al'umma ta ɗora wa kowa burin yin arziki amma ba ta buɗe wa kowa halastacciyar hanyar kaiwa gare shi ba, wasu za su riƙe burin su saki hanyar su ƙirƙiro tasu. Wannan kam ya min daɗi sosai, na ji kamar an rubuta shi ne dan a wanke mu. A lokacin samarin ɗakinmu ba su da abin kallo kamar shafin Hushpuppi, wani ɗan Najeriya mai baje kolin dukiya a Instagram, motoci, jirage, agoguna, miliyoyin mabiya suna yaba masa babu mai tambayar ina aka samo. Daga baya ne a watan Yunin 2020 aka kama shi a Dubai aka kai shi Amurka, a Nuwamban 2022 kotu ta ɗaure shi shekara 11 da wata 3.

Na ɗaga hannu a aji ranar, nace Malam kenan talauci ne ke jawo damfarar intanet. Ya dube ni yace, a unguwar da ka fi sani talakawa nawa ne, kuma nawa ne a cikinsu suke damfara? Na yi shiru. Yace in talauci kaɗai ne da yawancin talakawa ɓarayi ne, alhali yawancinsu haka suke mutuwa ba su taɓa taɓa kayan wani ba, sannan ga masu kuɗi da muƙami suna sata daga kan kujerar ofis, wanda shi ne abinda Edwin Sutherland ya ja hankalin masana a kai tun 1939. Matsin rayuwa gaskiya ne, yace, amma shi kaɗai ba ya koya wa mutum yadda ake yi, sai an samu mai koyarwa. Nan ya kawo ɗaya bayanin na Sutherland, cewa laifi koyonsa ake kamar kowace sana'a, a cikin mutanen da kake kusa dasu kake ganin girmansu, kuma ba dabarar kaɗai ake koya ba, har da yadda za ka riƙa kallon abin a zuciyarka. Wani daga baya yace Malam ai zama da maɗaukin kanwa kenan, Malam yace shi ne, bambancin kawai shi ya zauna ya bi diddigin yadda farin kan yake kama mutum, wa ka fara sani, tun yaushe, sau nawa kuke haɗuwa, yaya girmansa yake a idonka. Ni kuma hoton ɗakinmu da daddare ne kawai yake min yawo a ido.

Amma ranar da ta kayar dani ita ce ranar Gresham Sykes da David Matza. Su biyun a 1957 suka ce yawancin matasan da ke aikata laifi ba wai sun daina yarda da cewa sata mummunan abu ba ce, sun yarda, suna jin kunya, suna girmama mutanen kirki, shi yasa kafin su aikata sai sun nemo maganar da za ta sa zuciya ta yi shiru na ɗan lokaci. Malam ya juya allo ya rubuta guda biyar ɗin, yana rubutawa yana faɗa da irin bakin da ake faɗarsu. Ba laifina bane, hali ne ya sa. Ba wanda ya cutu, banki zai biya shi, ko kuma ai yana da shi da yawa. Shi ya jawo wa kansa, kwaɗayinsa ne, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Su waye za su mana wa'azi, manyan ɓarayi suna can sama ana musu jiniya. Na ƙarshe kuma, ba dan kaina na yi ba, dan abokina ne, dan iyayena ne.

Wallahi ji na yi kamar an buɗe ƙirjina ana karantawa a gaban aji. Duka biyar ɗin na faɗe su, wasu a baki wasu a zuci. Ta biyar ita ce tawa ta kullum, mutumin da ya yi jinyata zan hana shi lambar asusu? Ta uku kuma ita ce ta ɗakin gaba ɗaya, har da ƙarin cewa ai turawa ne, kakanninsu sun kwashe namu, yanzu muna karɓowa ne. Biro yana hannuna na kasa rubuta komai, rigata ta jiƙe da gumi, wadda ke kusa dani ta tambaye ni ko jikin ne ya dawo. Abinda ya fi girgiza ni shi ne maganganun da nake zaton nawa ne, hujjojin da nake ganin ni na zauna na yi tunaninsu, ashe wasu mutum biyu sun rubuta su tun kafin a haifi mahaifina, daga bakin yaran da ba su taɓa ganin waya ba.

Zan so nace daga ranar na daina. Ban daina ba. Sati uku na ƙara ina karɓa, bambancin kawai baccin ya tafi, duk alat ɗin da ya shigo sai na tsaya na karanta sunan wanda ya turo, abinda da ban taɓa yi ba. A nan na fara lura sunayen ba na turawa bane.

Wata safiya na je cire kuɗi kati ya ƙi, na shiga ciki aka ce an rufe asusun saboda ƙorafi, na jira. Na kira abokina sau ɗaya ya ɗauka, nace masa ga abinda ake ciki, yace yana zuwa. Wannan ita ce maganarmu ta ƙarshe har yau, kafin na koma ɗaki ya kwashe kayansa, ya yi min bulok a ko'ina. Layukan da ya yi aiki dasu ba da sunansa suke ba, hoton da ya sa ba nashi bane, a duk cikin harkar abu ɗaya ne kawai na gaskiya, sunana da lambar asusuna. Daga baya na karanta cewa dama haka tsarin yake a ko'ina a duniya, ana neman ɗalibai da marasa aiki su ba da aron asusu saboda su ne za a fara cafkewa, su ne katangar da mai aikin yake ɓuya a bayanta.

A ofishin 'yan sanda na fara ganin matar da ta kai ƙorafin. Uwa ce, za ta yi sa'ar Umma, tana zaune a benci ta riƙe wata leda da takardu a ciki. An yi mata alƙawarin samar wa ɗanta aiki ne, ya gama karatu shekara uku yana zaune, aka turo mata takardar ɗaukar aiki mai tambari da sa hannu, aka ce ta biya na fom, ta biya na tantancewa, ta biya na gwajin lafiya, sau hudu tana turawa, na ƙarshen ma rance ta ci. Da aka nuna mata ni sai ta daɗe tana kallona, ni na zaci zagi zai biyo baya, na ma shirya masa. Sai tace, ɗana, kai ne mai sunan nan? Nace ni ne Mama. Tace kullum in na yi sallah sai na ambaci sunan nan ina sa masa albarka, saboda na ɗauka shi ne zai fitar min da yaro daga zaman banza.

Ban san lokacin da na durƙusa a ƙasa ba. Nace Mama wallahi ba ni na yi magana dake ba, tace na sani, muryar ba taka bace, amma a hannunka suka sauka ko? Nace eh. Ba ta ƙara cewa komai a kai ba. Can sai take gaya wa yayana, wanda ya taso daga wurin aikinsa ya zo, cewa ta fi wata guda da gane an cuce ta kafin ta iya faɗa wa kowa, ɗan nata ma bai sani ba har ranar, kullum yana tambayarta yaushe za a kira shi tana cewa ya ƙara haƙuri. Tace ba kuɗin ne suka fi ci mata rai ba, yadda za a ce mace kamarta mai hankali an yi wasa da ita.

Wannan maganar tata na sake cin karo da ita a karatu. Erving Goffman ya yi wani rubutu a 1952 kan yadda 'yan damfara suke barin mutum ɗaya a baya ya lallashi wanda aka cuta har ya haƙura kar ya tada hayaniya, kuma bayaninsa shi ne wanda aka damfara ba dukiya kaɗai ya rasa ba, ya rasa yadda yake kallon kansa a matsayin mai wayo wanda ba a yi masa haka. A intanet sau da yawa ba a ma buƙatar mai lallashin, kunya ce take yin aikin kyauta, mu kuma da muke dariya muna cewa wane irin sakarai ne zai yarda da wannan, mu ne muke ƙara mata ƙarfi. A 2023 cibiyar karɓar ƙorafin laifukan intanet ta hukumar FBI a Amurka ta samu ƙorafi sama da 880,000, asarar ta haura dala biliyan 12.5, kuma waɗannan su ne kawai waɗanda suka iya buɗe baki suka kai ƙorafi wannan cibiya ɗaya. Duk sanda na ga irin wannan lissafin sai na tuna wata gudan da Mama ta yi tana haɗiye abin ita kaɗai.

Yayana ne ya biya ta, ya sayar da abinda ya daɗe yana tarawa, ita kuma ta janye ƙarar da kanta. Da na koma makaranta labari ya riga ni isa. Wani ya ɗauki hotona ya sa a guruf ɗin ajinmu da sunana da kalmar ɓarawo, daga nan ya bazu zuwa Facebook, mutanen da ban taɓa gani ba suna tsine wa mahaifiyata, wani ya nemo lambar ƙanwata yana tura mata saƙon batsa, wani yace a ƙone ni. Ba ina faɗa bane dan a tausaya min, na cancanci fushin mutane. Amma ƙanwata me ta yi? Kuma wasu daga cikin masu rubutun in mun haɗu a hanya sai su sunkuyar da kai su wuce, wani ma har ya min sallama. Wani masanin halayyar ɗan adam, John Suler, ya yi bayanin wannan a 2004, yadda mutum yake sakin baki da hali a intanet fiye da ido da ido, saboda ba a ganinsa, zai iya ɓoye sunansa, ba ya ganin fuskar wanda yake yi wa a lokacin da maganar ta same shi, har ya riƙa jin kamar abin duk wasa ne da zai ƙare in ya kashe waya. Da na karanta sai na ga tazarar da ta ba wancan damar zagin ƙanwata ita ce dai tazarar da ta bani damar yin bacci wata takwas. Da a hannu aka ce na karɓi kuɗin nan daga Mama tana kallona, na rantse ba zan iya ba.

Sati biyu ban shiga aji ba, na fara tunanin barin karatun gaba ɗaya, kuma abinda ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu, a cikin satin nan ɗaya daga cikin samarin ɗakin ya neme ni yace tunda an riga an ɓata maka suna ai gara ka shigo ka ci riba. Na daɗe ina kallon saƙon. Howard Becker da masu irin ra'ayinsa sun yi magana kan haka tun 1963, in aka liƙa wa mutum suna, kowa ya guje shi, ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta waɗanda aka liƙa musu irin sunan, sai ya zama abinda aka kira shi.

Malam ne ya aiko a kira ni. Na shiga ofis na tsaya a bakin ƙofa, yace zauna. Yace abinda ka yi mummuna ne, ka cuci baiwar Allah, kuma kar ka kuskura ka ce min kai asusu kawai ka bayar. Nace haka ne Malam. Ya yi shiru, sannan yace gobe ƙarfe takwas ina da aji, kujerarka tana nan. Da na tashi zan fita ya miƙo min wasu takardu kan aikin John Braithwaite na 1989, mutumin Ostireliya, wanda ya bambance kunyatarwa iri biyu, wadda ake jefar da mutum da ita a rufe ƙofa, da wadda ake tsine wa aikin amma a riƙe mai aikin a dawo dashi cikin mutane. Sai da na karanta na gane abinda ya min a ofis ɗin.

Shi ya zama sufabaizana, kuma a kan wannan na yi furojet ɗina, yadda matasa ke shiga damfarar intanet da abinda suke gaya wa kansu. Aikin ya yi wuya fiye da zato. Ya kafa min sharaɗi, ba suna, ba ɗaukar murya sai da izini, ba tambayar wa aka cuta ko nawa aka samu, kuma kar na taɓa zama a wurin da ake cikin aikatawa. Waɗanda suka yarda suka yi magana dani ba su da yawa, wasu ma dan sun san abinda ya same ni ne suka saki jiki. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya fara shi kaɗai, kowa akwai wanda ya jawo shi, yaya ko aboki ko wanda suka haɗu a wasan gem. Kusan duk ƙananan shekaru suka fara, wanda ya yi daidai da rahoton hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Birtaniya na 2017 da ya nuna matsakaicin shekarun waɗanda ake zargi da kutse a binciken sashenta na intanet 17 ne, kuma da yawansu neman suna a cikin abokai ne ya fara jansu kafin kuɗi. Wani yaro ya gaya min shi ba ya taɓa yarda a yi kiran bidiyo, ba dan kar a gane shi kaɗai ba, yace in ya ga fuska aikin ba ya yiwuwa. Wani kuma yace ranar da ya bari ita ce ranar da kilayan ɗinsa ta turo masa hoton jikarta.

Karatun ya kuma hana ni tsayawa a kan mai laifi kaɗai. Lawrence Cohen da Marcus Felson sun ce a 1979 laifi yana faruwa ne in abu uku suka haɗu a wuri ɗaya, mai niyya, da abin da za a iya ɗauka, da rashin mai tsaro. Da can sai ɓarawo ya taka ya je, yanzu waya ta haɗa su a aljihu dare da rana, mai niyya ɗaya zai iya ƙwanƙwasa ƙofa dubu kafin gari ya waye. Wani mai bincike a Microsoft, Cormac Herley, ya nuna a 2012 cewa labarin da ba ya kama hankali a saƙonnin damfara yana yi musu amfani, saboda duk mai shakka zai watsar tun farko, wanda ya amsa shi ne wanda ya fi sauƙin kamawa. Mai tsaron kuma ba lallai ɗan sanda bane, da Mama ta samu mutum ɗaya da za ta nuna wa takardar nan ba tare da tsoron a raina ta ba, da a biya na farko abin zai tsaya. Ni ma da na ce a'a ranar farko, da ni ne mai tsaron.

Yanzu ina digiri na biyu a kan wannan fannin dai, kuma kullum abin ƙara rikiɗewa yake. A watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoton cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya ana tsare dasu ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet, yawancinsu da tallar aikin ƙarya aka yaudare su suka je, irin dai tarkon da aka ɗana wa Mama. Wanda yake turo maka saƙon soyayyar ƙarya zai iya zama shi ma a kulle yake ana dukansa in bai kawo ba. Na kwana ina tunanin a wane layi zan sa irin wannan mutumin, mai laifi ko wanda aka zalunta. Ni dai na san nawa layin, ba wanda ya kulle ni.

Kafin a rufe asusun gaba ɗaya na roƙi a buga min bayanan shige da ficen watannin takwas, suna nan a cikin fayil ɗina. Suna 19 ne suka turo kuɗi, Mama ɗaya ce a ciki, ita kaɗai ta kai ƙara. Tun da na fara samun ɗan abin hannu nake bin sauran, suna kawai gareni, sai na yi ta nema a Facebook ina tura saƙo. Na samu bakwai, biyar sun karɓi abinda na iya mayarwa, wata ta yafe tace kar na ƙara tuna mata, mijinta bai sani ba. Na bakwai wani bawan Allah ne, na rubuta masa nace sunana kaza, kuɗinka sun bi ta asusuna shekarun baya, ina so na mayar maka, ka turo lambar asusunka. Ya amsa yace an riga an zo masa da irin wannan, wasu sun ce za su ƙwato masa kuɗinsa suka ƙara cinye wasu, ya haɗa ni da Allah na rabu dashi. Kafin na gama rubuta amsa ya min bulok. Na ware nashi na ajiye a gefe ban taɓa ba, saura suna 11 da har yanzu ban gano ko su waye ba.